A Faɗa wa Masu Ciwon Jini Gaskiya Game da Dashen Haƙori

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon fili a shafinku na lafiya domin in yi tsokaci kan dashen haƙori, wanda ake yawan yabawa ba tare da an ambaci masu amosanin jini da masu ciwon rashin daskarewar jini, wato himofiliya, ba.

Dashen haƙori tiyata ce. Ana huda ƙashin muƙamuƙi a kafa ɗan ƙarfen titaniyom, sannan a jira wata 3 zuwa 6 ƙashin ya kama ƙarfen kafin a ɗora haƙorin. Wannan kamawar kuwa ba ta samuwa sai jini yana isa wurin yadda ya kamata. A jikin mai amosanin jini, jajayen ƙwayoyin jini kan lanƙwashe kamar lauje su toshe ƙananan jijiyoyi, don haka rauni yakan yi jinkirin warkewa, ƙwayoyin cuta kuma suna iya shiga ƙashin su haddasa ciwon da ke cin watanni ana jinyarsa. Na ga haka da idona, domin ƙanwata tana da amosanin jini, kuma da aka cire mata haƙori a wani wuri ba a tambaye ta ko tana da ciwon jini ba, makonni ta yi ba ta iya tauna tuwo. Idan cire haƙori kaɗai ya jawo haka, ina ga huda ƙashi?

Mai himofiliya shi kuma matsalarsa zubar jini ce, wadda kan iya dawowa bayan ya koma gida ana zaton komai ya lafa. Yakan buƙaci allurar sinadarin daskarar da jini da jikinsa ya rasa kafin a taɓa dasashinsa, kuma asfirin bai dace da shi ba ko kaɗan.

Ba cewa nake yi dashen ya haramta gare su ba, akwai waɗanda aka yi wa lafiya lau. Amma a ƙasa irin Najeriya, inda kusan mutum ɗaya cikin huɗu ke ɗauke da ƙwayar gadon amosanin jini, bai kamata likitan haƙori ya fara aiki ba sai ya ga sakamakon gwajin jini, ya kuma tuntuɓi likitan jinin da ke duba majinyacin. Ina roƙon ku gayyato likitocin nan biyu su amsa tambayoyin masu karatu tare, musamman kan lokacin da haƙorin roba mai cirewa ya fi dashe dacewa.

Naku,
Wani mai karatu daga Zariya