Wasiƙa Zuwa ga Autana a Jidda

Mai Wurno, Jihar Sinnar, Sudan

Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan kana lafiya, kai da maijego da ɗan angona. Mu nan sai godiya, ƙafar nan tawa ce kawai take taɓa ni da sanyin asuba. 'Yar yayarka ce ke rubuta maka wannan a wayarta ina faɗa mata. In ka ga kuskure nata ne, in ka ga faɗa nawa ne.

Shekaranjiya da muka yi waya na ji kukan yaron, na ji muryar uwarsa a dishe, na kuma ji ka tashi ka ja ƙofa don ka ji maganata sosai. Da na tambaye ka jikinsa sai ka ce "yaron nan yana nan," ka sako zancen kuɗin dawa. Ban tanka maka ba, amma da abin na kwana.

Na san inda ka samo wannan hali, a gidanmu ka gan shi. Babban yayanku ya haura arba'in, har yau bakina bai taɓa furta sunansa ba, mahaifinku kuwa, Allah ya jiƙansa, bai taɓa ɗaukarsa a idon mutane ba. Kunyar ɗan fari ke nan. Da ita kakanninmu suka taso bayan yaƙin Burmi na 1903, suka biyo Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru har bakin kogin nan, kuma ba zan zage ta ba. Amma ka dubi irin gidan da ake yin ta. Da na haifi yayanka, kwana arba'in hannuna bai taɓa taɓarya ba. Inna ce ke dafa ruwan wanka tun kafin kiran assalatu, Goggo ke wanke jariri ta gasa masa cibiya, in ya yi kuka da dare kafin in gama juyowa wata ta ɗauke shi tana jijjigawa. Uban da ya kau da kai a irin wannan gida ya bar ɗansa ne a hannu goma. Kai fa? Ɗaki biyu a hawa na uku, maƙwabcinka ko sunansa ba ka sani ba. Idan ka ja ƙofa, wa ka bar wa? Yarinya guda, haihuwar fari, wadda yau mako bakwai ba ta yi barcin awa uku a jere ba. Yaƙin nan da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya hana ta zuwa wankan gida, ni kuma tsakanina da ku akwai doguwar hanyar Bur Sudan da jirgin ruwan Sawakin da biza, ga ƙafa. To ka sani, a gidan nan kai ne Inna, kai ne Goggo.

Kuma kada ka ce min addini ne ya hana. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi sallah yana ɗauke da jikarsa Umama 'yar Zainab, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauka. Da Aƙra'u ɗan Habis ya gan shi yana sumbatar Hasan, ya ce shi yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, ka san amsar da ya samu, tun kana makarantar allo aka karanta maka.

Bari in fara da dare, tunda shi ya fi cin ku. Jariri irin wannan yakan yi barcin awa 14 zuwa 17 a yini da kwana, sai dai a gutsure yake yin sa, don cikinsa ƙarami ne, bayan awa biyu ko uku ya nemi nono. Ba rigima ba ce, ba kuma wani ne ya yi masa baki ba. Kukan yamma da kuke fama da shi, wanda yake farawa wajen magariba ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, a daidai wannan lokaci na mako shida zuwa takwas yake kai ƙarshen tsananinsa, zuwa wata uku ko huɗu zai lafa da kansa. Shekara talatin na yi ina ungozoma, ban ga gidan da bai wuce ba. Abin da za ku taimaka masa da shi shi ne ya rarrabe dare da rana. Na san Jidda, sai bayan isha'i gari yake wayewa, da rana kuma a rufe labule a kwanta. Ku ɗage labulen da safe, ku yi hayaniyarku. Da dare a rage fitila, a ba shi nono ba wasa ba hira.

Ku raba daren biyu. In ta shayar da shi bayan isha'i, ta shiga ɗaki ta rufe, kai ka riƙe shi har ya nemi na gaba. In ka dawo daga sallar asuba ka sake karɓarsa kafin ka fita aiki. Ka saɓa shi a kafaɗa, ka riƙa shafa bayansa har ya yi gyatsa, ka yi ta zagaye ɗaki kana karanta abin da ka haddace. Muryar namiji tana kwantar da jariri fiye da yadda kuke zato.

Idan ya yi barci, a kwantar da shi rigingine, a kan katifa mai tauri, ba matashi, ba tarin bargo. Ni dukanku rub da ciki na kwantar da ku, don muna tsoron tumbuɗi ya shaƙe yaro. Sai a farkon shekarun 1990 likitoci suka tabbatar kwanciyar ciki ce ke ƙara haɗarin mutuwar nan ta farat ɗaya da ake wayar gari a tarar da jariri ya sanyaya, kuma ƙasashen da suka koma rigingine sun ga ta ragu ƙwarai. Allah ne ya tsare min ku, ba iyawata ba. Kada barci ya sace ka kana rungume da shi a kan kujera mai laushi, nan ya fi ko'ina haɗari. Na'urar sanyi kada ta hura shi kai tsaye, kada kuma tsoron sanyi ya sa a naɗe shi kamar alkaki. Sa hannu a ƙirjinsa, in ka ji gumi a rage kaya. Turaren wuta da dukhan ɗin matarka, wato hayaƙin da take turara jiki da shi, a yi su nesa da inda yake kwana. Abokanka masu shisha kuwa su tsaya a waje. Kada kuma wani ya tura ka kantin magani sayen ruwan maganin da zai sa shi barci.

Akwai daren da zai zo, ina gaya maka tun yanzu, da za ka yi duk wannan ya ƙi shiru, ka ji wani abu ya taso maka a wuya. Ba kai ne na farko ba. Ka kwantar da shi a gadonsa, ka fita ka yi alwala, ka ba shi minti goma. Kuka ba ya kashe yaro. Girgiza shi da ƙarfi kuwa, ko sau ɗaya, tana iya fasa jijiyoyin jini a ƙwaƙwalwarsa, don wuyansa bai iya riƙe kansa ba tukuna.

Sai maganar nono. Ta ce min wata maƙwabciya ta ce nononta bai isa ba, shi ya sa yake kuka, har an fara zancen madarar gwangwani. Ba a gane isar nono da kuka. A ƙirga kunzugun da yake jiƙawa: in ya kai shida a yini, fitsarin ba ja ba, kuma ma'aunin asibiti ya nuna yana ƙara nauyi, nono ya isa. Shan sau takwas har goma sha biyu daidai ne. Nono kamar rijiya yake, jan sa ke kawo shi, duk kwalbar da aka ba shi ta rage wa uwar ruwan gobe. In likita ya auna ya ce a ƙara da madara, ba abin kunya ba ne, sai dai a tafasa ruwa, a bi awon da ke jikin gwangwani, kada a tsinka don ta yi auki.

Har ya cika wata shida nono zalla, ko ruwa ba a ba shi. Na san za ka ce zafin Jidda. Nono kusan duk ruwa ne, kuma ruwan da aka ɗura masa yana cike gurbin abincinsa. Na san kuma za a ce ai Zamzam ne. A ba uwar ta sha, ya same shi ta nan. Zuma sai ya shekara, don akwai ƙwayar cuta a cikinta da hanjin jariri bai iya kashewa, tana shanye masa jiki har numfashi. Kwalli ma ku bar shi, da yawansa akwai dalma a ciki. Wanzami kuwa, in wani dattijo ya kawo maka zancen cire beli, ka ce ni na hana.

Ita uwar kai za ka ciyar. Madida, wato kunun hulba irin na nan, kunun gyaɗa, romon kaza, adas (ƙananan waken nan), ƙwai, da gorar ruwa kusa da inda take zama. Kanwa a sassauta, gishirinta na kumbura maijego ya wahalar da zuciya. Kuma ka riƙa duban fuskarta. Ƙuncin kwanakin farko yana wucewa cikin mako biyu. Idan har yanzu tana kuka ba dalili, ba ta jin daɗin komai, barci ya ƙi zuwa ko yaron ya yi shiru, ko tana cewa ita ba uwar kirki ba ce, wannan ciwo ne mai magani. Ka yi mata addu'a, ka kuma kai ta wurin likita, kada ka ce mata ta yi haƙuri kawai.

Yanzu zan gaya maka abin da ban taɓa gaya maka ba. Kana da yaya mace tsakanin babbanku da mai bi masa. Tana wata tara ta yi zawo ta rame, ta ƙi kunu. Na yi abin da na ga ana yi: na kwantar da ita a cinyata, na tara kunun a tafin hannu, na toshe mata hanci na yi mata ɗura. Ta ƙware, ta yi ta tari. Kwana biyu jiki ya yi zafi, numfashi ya koma sama-sama. Kafin mu sami motar Sinnar lokaci ya ƙure. Kunun ya bi ta huhu. Kwananta ne ya ƙare, na yarda, amma hannuna ne, kuma shi ya kai ni koyon aikin ungozoma wurin matan da suka fito daga makarantar Umdurman, wadda aka buɗe tun 1921. Tun daga ranar ban bari an yi ɗura a gabana ba. ('Yar yayarka ta tsaya da rubutu tana kallona. Rubuta, yarinya.)

Na kawo wannan ne don wata shida na nan tafe, sannan za ku san ƙin abinci. A zaunar da shi, a ba shi da cokali, cokali biyu ko uku da farko, kunu mai kauri ba tsararo ba, a riƙa sa masa ƙwai dafaffe ko adas ko naman da aka niƙa, don a lokacin jikinsa na neman abin da zai ƙara masa jini. In ya kau da kai a bar shi, gobe a sake. Yaro kan ƙi abu sau goma ya karɓa a na sha ɗaya. Nono kuma ya ci gaba har shekara biyu, yadda ya zo a Baƙara. Shayi ban da shi, yana hana jiki amfana da abin da ke gina jini, mu kuwa mutanen Sudan kamar da shi aka yanke mana cibiya.

Ɗan shekara biyu kuwa wani karatu ne, ga ƙanen mai rubutun nan ina gani. Jiya ya yi birgima a ƙasa don an ɓare masa ayaba, shi da kansa ya so ɓarewa. Ba a dukan irin wannan, ba a kuma ba shi abin da ya yi birgimar dominsa. A tsaya kusa har ya gaji, a ɗauke shi. Waya dai kada ta zama mai renonsa. Inabi a tsaga, dabino a cire ƙwallo, gyaɗa a daka. Mota kuma, ko minti biyu za ka shiga kanti, ka fito da shi. Sauran sai lokacin ya zo.

Abin da ba ya jiran safiya: zafin jiki da ya kai 38 kafin ya cika wata uku, ƙin kama nono, numfashi da sauri har ƙasan ƙirji na lotsawa, maɗiga ta faɗa ko ta kumbura, ko jijjiga. Ko ƙarfe nawa ne a tafi asibiti, kada a tsaya kirana. Ka sayi ma'aunin zafi yau. Allurar wata biyu mako mai zuwa ce, sai ta wata huɗu da ta shida. Ka nemi izini wurin aiki ka raka su, kai za ka riƙe shi a yi masa.

Akwai mai tafiya umara ƙarshen wata, zan ba shi hulba da garin gero da majanyin da na goya ka da shi, na wanke na ajiye. Ban ce ka goya shi ka fita titi ba, amma a cikin ɗaki wa zai gan ka? Sunan kam na yafe maka, tunda na mahaifinka ne, ni ma ba zan iya faɗa ba. Ka kira shi Abba. Juma'a in an sami intanet ka kira ni ta bidiyo, ina son in gan shi a kafaɗarka, ita kuma in ji an ce tana barci.

Ka gaishe min da 'yata, ka karanta mata wannan duka, har da wurin da na yi maka faɗa. Yayyenka suna gaishe ku.

Allah ya yi muku albarka, ya raya Abba.

Mahaifiyarka