Batun Magajin Dalai Lama Ba Abin Raha Ba Ne

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, na rubuto ne a kan labarin da kuka kawo na Dalai Lama, jagoran mabiya addinin Buddha na Tibet, yankin da ke ƙarƙashin mulkin ƙasar Sin, wanda ya cika shekara 90 ranar 6 ga Yuli, 2025. Kun kawo shi a gajarce: dattijon ya ce za a sake haihuwarsa bayan rasuwarsa, gwamnatin Sin ta ce sai da izininta. Mutane da yawa sun ɗauki abin almara, suka yi dariya suka wuce, kuma hakan ya dame ni.

Ni Musulmi ne. A wurina mutuwa ɗaya ce, sai kabari, sai tashin alƙiyama da hisabi. Amma rashin yarda da aƙidar mutum bai halatta maka jahiltarta ba. Wajen shekara ta 1030 malami Biruni ya rubuta littafi guda a kan Indiya bayan ya koyi harshen Sanskirit, ya bayyana aƙidar sake haihuwa kamar yadda masu ita suke faɗinta, kuma Musuluncinsa bai ragu da komai ba.

Mabiya Hindu da Buddha da Jain da Sikh duk sun tafi a kan cewa mai rai yana zagaye ne, a haife shi, ya mutu, a sake haihuwarsa. Wannan zagayen suke kira samsara. Abin da ke jan mutum daga wannan rayuwa zuwa ta gaba shi ne karma, wato aikin da ya aikata, kuma a koyarwar Buddha niyya ce ginshiƙinsa. Abin da yawancinmu ba mu gane ba shi ne, dawowa duniya ba albishir ba ce a wurinsu. Sarƙa ce ta tsufa da ciwo da rabuwa da masoyi, ana yi ana maimaitawa. Burin mai ibada shi ne ya fita gaba ɗaya. 'Yan Hindu suna kiran fitar moksha, shi ya sa tsofaffi ke tafiya birnin Baranasi a bakin kogin Ganga su jira ajali, don sun yi imani wanda ya mutu a can ya tsira daga dawowa. Buddha shi kuma bai yarda akwai wani ruhi tabbatacce da ke sauya jiki ba. Malamansu suna misalta abin da fitilar da aka kunna daga wata fitilar: ba za ka ce wutar farko ce ba, ba kuma za ka ce ba ta da alaƙa da ita ba. Fitar a wurinsu sunanta Nirbana, ita ce mutuwar wutar kwaɗayi da ƙiyayya da duhun kai.

To, in fita ake nema, me zai sa babban malami ya dawo? Nan ne gaɓar maganar. Mutanen Tibet suna cewa gama-garin mutum karmarsa ce ke jefa shi inda bai zaɓa ba. Amma wanda ya yi nisa a tarbiyyar zuciya, saboda tausayin halittu, yakan zaɓi ya dawo ya ci gaba da taimako, shi ne kuma ke zaɓen wuri da lokaci. Suna ɗaukar Dalai Lama a matsayin bayyanar Cenrezig, wanda ke wakiltar jinƙai a addininsu. Ke nan a cikin aƙidar kanta, zaɓin na mai dawowar ne shi kaɗai.

Dalai Lama na 13 ya rasu a 1933. Aka fita nema, aka samu wani yaro da aka haifa a 1935 a ƙauyen Taktser, a gidan manoma. Suna ba da labarin cewa an ajiye masa carbi da sanda da ƙaramar ganga na marigayin tare da makamantansu, ya ɗauki na ainihi. Shi ne Dalai Lama na yanzu, na 14. Aka naɗa shi a Lhasa, babban birnin Tibet, a 1940. Sojojin Sin suka shiga Tibet a 1950, ya tsere zuwa Indiya a Maris na 1959, har yau yana zaune a Daramsala. A 2011 ya sauka daga mulkin siyasa, ya bar wa zaɓaɓɓun shugabannin 'yan gudun hijira. Ranar 2 ga Yuli, 2025 ya sanar cewa muƙamin zai ɗore bayansa, kuma gidauniyar ofishinsa, Gaden Phodrang, ita kaɗai ke da hurumin tantance magaji.

Hujjar gwamnatin Sin ita ce tarihi. A 1793 Sarkin Sin Qianlong ya kafa tsarin jefa ƙuri'a a cikin tulun zinariya don zaɓen manyan malaman Tibet. Gaskiya ne an yi hakan, sai dai ba kowane lokaci aka bi shi ba, shi kansa Dalai Lama na yanzu ba ta tulun aka fitar da shi ba. A 2007 kuma hukumar kula da addinai ta ƙasar ta fitar da doka mai lamba 5, wadda ta ce ba a amince da sake haihuwar wani babban malami sai gwamnati ta sa hannu. Jam'iyyar da ke mulki ta haramta wa 'ya'yanta bin addini. Wanda bai yarda da lahira ba balle sake haihuwa, me yake nema da wannan iko in ba riƙe mutane ba?

Kuma an riga an ga samfurin abin da zai faru. Ranar 14 ga Mayu, 1995 Dalai Lama ya ayyana wani yaro ɗan shekara 6, Gedhun Choekyi Nyima, a matsayin Panchen Lama, malami na biyu a daraja a ɗariƙarsu. Bayan kwana 3 hukumomin Sin suka ɗauke shi da iyayensa. Kafin ƙarshen shekarar suka fitar da nasu yaron ta hanyar tulun. Tun 1995 ba a ga na farkon a bainar jama'a ba. Gwamnati tana cewa yana nan lafiya, ya yi karatu, ba ya son a dame shi, amma ba ta bar wani mai zaman kansa ya je ya gan shi ba. Duk mai ɗa ɗan shekara 6 a gida ya san nauyin wannan. A al'adarsu Panchen Lama yana cikin masu tantance Dalai Lama na gaba, don haka ɗaukar yaron ba a banza aka yi ba.

Mu da muka ji zafin abin da ke faruwa da Musulmin Uigur a yankin Shinjiyan na ƙasar Sin, wanda ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da rahoto a kai a Agustan 2022, bai kamata mu yi wa na Tibet dariya ba. Hannu ɗaya ne ke shaƙe su duka.

Roƙona, Malam Edita, ku ware wa wannan batu fili na musamman, ku samo masanin addinan Asiya ya yi bayani da Hausa. Sannan wakilinku na Abuja ya kai tambaya ofishin jakadancin Sin: ina Gedhun Choekyi Nyima, kuma yaushe za a bari a gan shi? Duk amsar da suka bayar, ku buga mana ita yadda take.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naka,
Mai karanta jaridarku daga Zariya