Ɗaliban kimiyya ba duwatsu ba ne

Assalamu alaikum Malam Edita,

Raina ya ɓaci da shirinku na matasa na daren Lahadi. Baƙonku ya zauna ya raba mu gida biyu: wai 'yan mata da masu karatun adabi su ne ke gane halin da mutum yake ciki, mu kuwa samarin lissafi da kimiyya zuciyarmu dutse ce. Mai gabatarwa kuma sai dariya yake, ko tambaya ɗaya bai yi masa ba.

Hujjarsa kuwa takardar tambayoyi ce da aka raba wa ɗalibai, kowa ya faɗi yadda yake ji. To, yaron da tun yana goye ake ce masa namiji ba ya kuka, shi ne zai rubuta wa baƙon ido cewa yana zubar da hawaye? Kunya da kara ba za su bar shi ba. Baƙon ya yi ta kiran sunan Daniel Goleman, alhali shi Goleman, marubuci ɗan Amurka, a littafinsa na 1995 kan basirar gane motsin rai, ya sa danne fushi da riƙe kai cikin wannan basirar. Wannan ɓangaren baƙon bai taɓa shi ba sam. Na yarda bincike kan nuna mata sun ɗan fi mu karantar fuska, kuma ina girmama 'yan uwanmu mata a kan haka, amma ɗan fifiko ne.

Ni ɗalibin lissafi ne a Jami'ar Abdou Moumouni. Ana tsakiyar jarrabawa aka bugo mini waya daga Tawa cewa Baba ya rasu. Abokin kwanana, ɗan kimiyyar sinadarai, bai ce mini uffan ba bayan "Allah ya jiƙansa". Ya fita ɗaki-ɗaki, ya dawo da kuɗin mota a ƙulle cikin leda, har da 'yan dala-dala, daga mutanen da su kansu kuɗin burs, wato tallafin karatu, suke jira. Ya goya ni a babur muka haye gadar Kennedy da asuba, bai bar tasha ba sai da motar ta ɗaga. Muna Dogon Dutsi ya kira, muna Ƙonni ya sake kira, wai ko na sa wani abu a bakina. Da na dawo na tarar ya roƙi 'yan ajinmu sun kwafe mini darussan da suka wuce ni. Wace takarda ce za ta auna wannan? Shi ne kuka bari aka kira dutse a gidan rediyo, iyayenmu na ji a ƙauye.

Ku sake shirin, ku gayyato ɗalibai maza da mata daga kowane sashe su yi magana da bakinsu.

Sannan don Allah ku duba lambar wayar nan taku. Kullum sai mu yi ta bugawa ba ta shiga, amma muryoyin mutum uku zuwa huɗu ɗin nan dai muke ji kowane mako.

Naku,
wani ɗalibi daga Harobanda, Yamai