Takardar Koke Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Katsinar Maradi Kan Ragowar Magunguna a Ruwan Sha

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da ban girma, mu talakawanka ne na unguwannin Zariya, Ali Ɗan Sofo, Bagalam da Sabon Gari. Cikinmu akwai ma'aikatan lafiya, masu farmasi, maginan rijiya da masu gyaran pampo. Kukanmu a kan maganin da ke komawa cikin ruwan da muke sha ne.

Maganin da mutum ya haɗiye ba duka jiki ke narkarwa ba, wani kaso yana fita ta fitsari da bayan gida, ya sauka salanga, ya tsiyaya cikin ƙasa. Ƙasarmu ta rairayi ce, ba ta riƙe ruwa, kuma a garake da unguwannin bakin Gulbi ruwan rijiya ba shi da zurfi. Ga kuma kwalaben siro da ƙwayoyin da suka lalace a tiren ƴan talla saboda rana, ana juye su a bola da magudanar ruwa, damina ta kwashe. Shanu da kaji ma ana ɗura musu oksitetarasaikilin, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta. A arewacin Kamaru, inda ake ba shanun noma tramol, masu bincike sun same shi a cikin ƙasa da ruwa. Binciken Jami'ar York ta Ingila na 2022, a koguna 258 na ƙasashe 104, ya sa Afirka kudu da Sahara cikin yankunan da abin ya fi muni.

Ba mu zo tayar da hankalin jama'a ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2012 ya nuna cewa abin da ake samu a ruwan sha yawanci bai kai kashi ɗaya cikin 1,000 na ƙaramin awon da likita ke rubutawa ba. Tsoronmu shi ne ƙwayoyin cuta su saba da ɗan guntun magungunan kashe su, irin su siprofuloksasin ko kotirimoksazol, da ke yawo a ruwa, ranar da yaro ya kwanta da zawo ko taifot maganin ya ƙi ci. Kuma ido ba ya gane irin wannan haɗari: a shekarun baya, a garin Tibiri kusa da Maradi, an sha ruwa garau a ido, amma yawan sinadarin fuloraid a cikinsa ya lanƙwasa ƙasusuwan ɗaruruwan yara kafin a farga.

Dabarun gida da mutane suka dogara da su, don ƙwayoyin cuta aka yi su. Tafasa ruwa na kashe su, amma magani yana nan, ruwa na ƙonewa ma sai ya ƙara kauri. Alam da garin ɗiyan zogale laka suke kwantarwa. Ƙwayar kulorin ta Aquatabs ɗaya a bido mai lita 20, a jira minti 30, tana kashe ƙwayoyin kwalara a ruwa, kuma muna roƙon kada kowa ya bar ta, don ba a manta da annobar 2018 a Madarunfa ba. Amma kulorin kusan rabin ragowar magani yake lalatawa. Gawayin murhu kuwa ba shi ne gawayin matata ba. Na matata ana gasa shi da tururi mai tsananin zafi har ya yi ƙananan ramuka masu kama magani, kuma sai ruwa ya bi shi sannu a hankali. Idan ya cika ya daina kamawa, har yakan saki abin da ya riƙe, shi ya sa ake canza shi duk wata 3 zuwa 6. Matatar osmos, wadda ke tura ruwa da ƙarfi ta cikin wani siririn rariya, tana cire sama da kashi 99 cikin 100 na ragowar magungunan da ƙwayar sinadarinsu ke da girma, sai dai tana son ƙarfin ruwa, kuma tana zubar da kusan lita 3 kafin ta ba da lita 1. Mai sayen ruwa wurin ɗan garuwa ina zai iya?

Don haka gyaran daga tushe ne. Muna roƙon Mai Martaba ya kai maganar gaban Gwamnan jiha da hukumar birni, a ɗebi ruwan pampo, na foraj, na rijiyoyin bakin Gulbi da na leda, sau ɗaya a rani sau ɗaya a damina, a auna magungunan kashe ƙwayoyin cuta da tramol. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo na iya ɗibar samfur, a aika ɗakin awo mai na'urar aikin, a karanta sakamakon da Hausa a rediyo.

A ajiye akwati mai makulli a kowace farmasi da gidan likita don karɓar maganin da ya lalace. Ƙona shi a fili hayaƙi mai guba ne, yana son tanderun da ya wuce digiri 1,200. Inda babu, a zuba ƙwayoyin a duro su kai kashi 75 cikin 100, a cike da farar ƙasa, siminti da ruwa, awo 15, 15 da 5, a like murfin da walda, a binne nesa da Gulbi.

A kuma umarci masu unguwanni kada a gina salanga ƙasa da mita 30 daga rijiya, kuma gindin ramin ya tsaya aƙalla mita 1.5 sama da ruwan ƙasa. Maginan rijiya da ke cikinmu a shirye suke su zagaya da masu unguwanni don awon, ba tare da karɓar ko dala ba.

Allah ya ja zamanin Sarki.

Sunaye da sa hannun masu koke na biye.