Godiya ga Sashen Tiyatar Jijiyoyin Jini, Legas

Zuwa ga Shugaban Sashe da ma'aikatansa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu ma'aikatan lafiya 'yan Arewa mazauna Legas mun ga ya kamata mu yaba muku a bainar jama'a, saboda yadda kuke bibiyar 'yan'uwanmu na Agege, Idi-Araba da Mile 12 bayan an sa musu bututun raga a babbar jijiyar jini ta ƙirji, wato awota, saboda kumburi ko tsagewar bangonta.

Ta jijiyar matsematsi ake zura bututun, ba a tsaga ƙirji. Shi ya sa mutum da an sallame shi sai ya ɗauka magana ta ƙare. Alhali jijiyar lokacin ta fara sauya siffa. Awota tana lanƙwashe kamar kan sanda, shi kuwa bututun, wayar nitinol ce, wani ƙarfe mai komawa siffarsa in an lanƙwasa shi, da aka lulluɓe da ƙyalle, kullum so yake ya miƙe. Idan gefensa na sama bai kwanta a cikin lanƙwasar ba, sai ya bar giɓi mai kama da bakin tsuntsu, jini ya riƙa kutsawa yana komawa cikin kumburin. A ƙasa kuma bakinsa na iya tokare bangon da ya yi rauni har ya ɓula sabuwar tsaga.

Nan ne awonku ya burge mu. Kuna neman lafiyayyen bango na aƙalla santimita 2 a sama da ƙasan wurin ciwon, inda bakunan bututun za su kama. Idan kumburi ne, bututun kan ɗara faɗin jijiya da kashi 10 zuwa 20 cikin 100. Idan bangon ne ya tsage gida biyu, ba ku wuce kashi 10, don kada ya ƙara yagewa. Abin da ake fata a tsagewa shi ne hanyar jini ta asali ta buɗe, ta bogin da tsagewar ta haifar jininta ya daskare ta motse, wannan kuwa watanni yake ɗauka. Wurin da bututun ya zauna ma ya daina talewa da bugun zuciya, don haka maganin hawan jini ba abin wasa ba ne.

Duk wannan da Hausa kuke bayyana wa majinyaci, da hoton jijiyarsa a gabansa. Kuna rubuta masa ranar hoton CT, wato hoton cikin jiki na na'ura, na wata 1 bayan aikin, na wata 12, sannan duk shekara, kuna kuma kiran wanda bai zo ba. Mai fataucin shanu ko kayan gwari da zai koma Kano ko Sakkwato kuna haɗa shi da faifan hotunansa da takardar girman bututun, don likitan can ya samu abin kwatantawa. Ƙorafinmu ɗaya, layin ɗaukar hoton yana da tsawo. Da za a ware wa waɗannan majinyata rana guda a mako da an rage.

Allah ya saka muku da alheri.

Naku,
Wasu ma'aikatan lafiya 'yan Arewa,
Agege, Legas