Likita gwiwata na neman raba ni da gudu, ya zan yi?

Assalamu alaikum Likita, barka da ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Dan Allah shawara nake nema akan gwiwata ta dama.

Shekarata 34, tun ina yaro nake buga ƙwallo, daga baya na haɗa da gudun safe kilomita 5 sau uku a sati kuma lafiya lau ba abin da ke damuna. To wata 4 da suka wuce sai na sa a raina zan shiga gasar kilomita 21, cikin sati biyu na ninka abin da na saba har da hawa tudu, ga takalmin ya tsufa dunduniyarsa ta cinye ta gefe ɗaya, daga nan ne abin ya faro.

Ciwon a gaba yake, zagaye da ƙoƙon gwiwa, wani lokacin kamar a ƙarƙashinsa. Hawa bene da sauƙi, saukowa ce wahala, sai na dafa ƙarfe ina ajiye ƙafa ɗaya bayan ɗaya. In na daɗe zaune a mota gwiwar a lanƙwashe to miƙewa aiki ne, in na tsuguna kuma sai in ji ƙurus ƙurus kamar an zuba yashi a ciki. Ba ta cika kumbura ba dai.

Na huta sati biyu, ina naɗe ƙanƙara a tsumma in ɗora minti 15 zuwa 20, in ɗaure da bandeji in ɗaga ƙafar kan filo, ta yi sauƙi sosai amma ina komawa gudu a kilomita na biyu ta dawo. Diclofenac ma na sha, da cikina ya fara zafi na ajiye shi tunda na san yawan shansa yana jawo olsa yana kuma taɓa ƙoda. An min hoton ƙashi aka ce ƙashi ƙalau, sai dai hoton ƙashi baya nuna jijiya da guringuntsi, wannan sai hoton da ake ce wa MRI.

Abin da ke hana ni barci wallahi shi ne wani abokin wasanmu da a gabana ya juya ƙafarsa na kafe a ƙasa, shi da kansa ya ji ƙarar ɓas, kafin dare gwiwa ta kumbura suntum, ashe jijiyar da ake ce wa ACL ce ta tsinke, sai da aka masa tiyata kuma ya kusa shekara kafin ya koma fili. Ni ban ji wata ƙara ba kuma ba ta taɓa zubar da ni ba, amma satin jiya sau biyu ta ɗan maƙale sai da na girgiza ta sannan ta saki. Likita wannan maƙalewar alamar guringuntsin tsakiya ya yage ne, ko duk cikin ciwon ƙoƙon ne? Ya kai a yi MRI?

Sannan kowa da abin da yake faɗa min. Wasu sun ce in haƙura da gudu kwata-kwata, wasu sun ce zaman ne zai ƙara kashe ƙafar, gara in ƙarfafa tsokar cinya da ta ƙugu don su ke riƙe ƙoƙon a kan hanyarsa. Ni na fi yarda da na biyun don na lura cinyar dama ta fara ramewa, amma wane atisaye zan fara da shi kuma zafi ya kai ina ne zan tsaya? Keke da iyo sun halatta min yanzu? Akwai mai cewa in je a min allura a cikin gwiwar, ni kuma tsoro nake kar ta ɓoye ciwon in je in ƙarasa ta.

In Allah ya sa na warke zan bi dokar nan ta kar a ƙara fiye da kashi 10 cikin 100 a sati, takalmi kuma in canza shi in ya ci kilomita 500 zuwa 800. Gudun nan shi ke sauke min damuwa Likita, bana so in bar shi, a taimaka a faɗa min ta ina zan fara.

Na gode, naka mai sauraro a kullum.