Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Shari'a kan kuɗin Makarantar Lauyoyi

Ranka ya daɗe Lateef Fagbemi SAN, barka da aiki, Allah ya taya riƙo.

Kan maganar kuɗin Makarantar Lauyoyi na ɗauko alƙalami. Ka fi ni sanin cewa a zangon 2023/2024 an ɗaga kuɗin daga naira 296,000 zuwa 476,000, har Majalisar Wakilai ta nemi a janye ƙarin. To mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan 70,000 ne, wato sai uba ya tara albashinsa na kusan wata bakwai, bai ci ba bai sha ba, kafin ɗansa ya samu kujera a reshen makarantar na Bwari ko Bagauda ko Yola. Kuma fa wannan kuɗin makaranta ne kawai, ba a zo kan littattafai ba, ba a zo kan kwat da fararen riguna ba, ga kuɗin mota idan aka jefa ɗan Katsina Yenagoa ko Enugu, ga hular lauya da alkyabba ranar rantsarwa.

Yallaɓai, yaron nan ya yi shekara biyar a jami'a, wani ma yajin aikin ASUU na 2022 ya ƙara masa wata takwas, amma digirinsa ba zai ba shi damar tsayawa gaban alƙali ba sai ya bi ta wannan ƙofa guda ɗaya tak. Babu wata. Kuma shekarar ba ta barin mutum ya yi ɗan buga-buga a gefe, darussa biyar ne a jere, shari'ar farar hula, ta manyan laifuka, dokar kamfanoni, dokar filaye da kadarori, da ɗa'ar aikin lauya, daga nan a tura ka kotu da ofishin lauyoyi kana cike littafin rahoto kullum. Muna ganinsu a harabar kotu, mai farar riga ɗaya da yake wankewa da daddare ya saka da safe wuyanta da sauran danshi, mai hoton shafukan littafin abokinsa da waya don ba zai iya sayen nasa ba. Da wane kai za su shiga jarabawar ƙarshe? Wanda ya faɗi kuma sai ya sake nemo kuɗin maimaitawa.

A watan Afrilun 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu kan dokar lamunin ɗalibai, aka ce talauci ba zai ƙara raba ɗan Najeriya da karatu ba. Don Allah a cika wannan alkawari a kan 'ya'yan nan, a buɗe musu ƙofar NELFUND, asusun da ke ba da wannan lamuni, ƙarara, ko a bari su riƙa biya kashi-kashi. Akwai batun ɗakunan kwana da wuta ma, amma su jira tukunna. Majalisar Ilimin Lauyoyi, wadda ke kula da makarantar, a ƙarƙashin ma'aikatarka take, ka kira su ku zauna kafin zango na gaba ya buɗe.

Naka,
Wani lauya daga Kano